Lokacin Wa Aka Ɓata a Bakolori?

Tun kafin a zuba buhun siminti ɗaya a kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, an riga an yanke wa manoman yankin hukunci a kan takarda: suna da lokaci mai yawa da ba su san abin yi da shi ba. Damina a wannan sashe na ƙasar Hausa wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, wani lokaci ta ɗan taɓa Oktoba. Da zarar an gama kaka an kai hatsi rumbu, sauran watannin shekara, a idon mai tsara manufa da ke zaune a Legas, fili ne kawai a jikin kalanda. Ga ƙasa a kwance, ga ruwa yana gangarawa kogin Kwara bai yi wa kowa aiki ba, ga kuma ƙarti majiya ƙarfi zaune a gindin bishiya. Sai a tare ruwan, a shimfiɗa magudanai, a cike filin nan da alkama da shinkafa. Tunanin da ya haifi madatsar ruwa ta Bakolori ke nan, kuma ba daga mugunta ya fito ba. Farin da aka sha a farkon shekarun 1970 bai gama sakin mutane ba, kuɗin man fetur yana kwararowa, ƙasar kuma tana sayen alkama daga waje.

Ra'ayin yana da gata a jami'o'i. A 1954 masanin tattalin arziki Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia wanda daga baya ya sami kyautar Nobel, ya wallafa maƙalar da ta nuna cewa karkarar ƙasashe matalauta cike take da hannayen da suka yi wa aikin da ke ƙasa yawa, har ana iya ɗebe wasu ba tare da amfanin gona ya ragu ba. Wannan fahimta ta ratsa ma'aikatun tsare-tsare na Afirka bayan samun mulkin kai. Bahaushen ma'aikaci ma bai buƙaci Lewis ba, domin ya taso yana jin cewa da zaman banza gwamma aikin kishiya.

Sai dai waɗanda suka ɗauki wahalar ƙidaya abin da manomi ke yi da kwanakinsa sun ga wani abu dabam, kuma sun gan shi kafin a fara ginin. Tun a shekarun 1950 Mansell Prothero ya bi sawun 'yan cin rani na lardin Sakkwato, ya nuna yadda dubban maza ke ficewa bayan kaka zuwa kudu, har zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yau, su dawo kafin ruwan shuka. A ƙarshen shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi gidajen manoma a ƙauyukan Zariya suna rubuta sa'o'in aikinsu. Suka tarar a watannin noman farko da maimai hannu ƙaranci yake yi, kuma wani babban kaso na lokacin magidanci sana'o'in da ba noma ba ne ke cinye shi. A 1972 Polly Hill ta fitar da littafinta a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ta nuna cewa ba a fahimtar arzikin gidan Bahaushen ƙauye sai an haɗa da abin da yake samu a wajen gona.

Duk wanda ya san kwarin kogin Sakkwato ta wajen Maradun da Bakura zai iya cike sauran bayanin da kansa. Ruwa ya yi ambaliya da damina ya kwanta a fadama, a noma shinkafa. Ya janye ya bar laima da taki, a dasa albasa da barkono da dankali da taba. Masunta su bi tafkunan da ya bari. Da rani ne ake gini da yaɓe da jinka, ake saƙa da ƙira da jima, ake fatauci, almajirai su tafi neman karatu, a ɗaura auren da aka jinkirta saboda aikin gona. Cikin gida kuwa mata ba su taɓa sanin wani abu wai shi hutun rani ba: sussuka, surfe, daka, turara shinkafa, matsar man gyaɗa, kaɗi, dukansu na jiransu kullum, kuma da wuya a sa su a lissafi.

Har zaman gindin bishiyar nan da ya tsone wa baƙo ido yana da nasa aiki. A nan ake jin farashin gero a kasuwar da ta ci jiya. A nan ake sanin wa zai ba da aron gona, wa ya sa tasa jingina, wa ke neman gayya, ɗan wa ya dace da 'yar wa. A wurin da babu banki, babu inshora, babu jarida, amana ita ce jari, ita kuwa amana da zama ake tara ta. Mutumin da bai zauna da mutane da rani ba, ba shi da wanda zai ranta masa damin dawa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Baƙon da ya wuce cikin mota ya ga hannaye a kwance, bai tsaya ya ji abin da bakuna ke ƙullawa ba.

Yanzu a dubi abin da aikin da aka kawo don ceto lokaci ya yi da lokacin.

Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi kwangilar, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aka kammala madatsar a 1978, da tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar ban ruwa ga kimanin hekta 23,000. Amma ban ruwa irin na zamani yana son ƙasa shimfiɗaɗɗiya, saboda haka sai da katafila ta bi ta kan gonakin mutane, ta share iyakoki, ta tumɓuke itatuwan da iyalai ke ci daga gare su. Muddin ana wannan aiki, manomi ba shi da izinin shuka gonarsa. Wasu sun ga damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, suna kallon ƙasarsu ba halin sa fartanya. Mutumin da aka ce yana asarar watannin rani, sai ga shi an ɗauke masa daminar kanta, wadda ita ce kaɗai ba mai musun cewa yana aiki a cikinta. Dubban mutanen da tafkin ya cinye garuruwansu aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu, nesa da fadamar da suka sani. Sai jiran diyya: a yi awo, a rubuta suna, a ce a dawo, a dawo a ce ba a gama lissafi ba. Da aka zo mayar da gonaki bayan an daidaita ƙasa, sai wani sabon ruɗani, domin alamomin da kowa ke gane gonarsa da su sun tafi.

Wannan shi ne zaman banza na gaskiya, irin wanda ba a ƙulla komai a cikinsa, kuma ba manoman ne suka zaɓe shi ba. Da haƙurinsu ya ƙare suka datse hanyoyin aikin suka hana ma'aikata wucewa. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike da dama suka ce ɗaruruwa ne. Björn Beckman, wanda ya yi koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin waɗanda suka rubuta tarihin abin.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Binciken William Adams a kan ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa a fadama, mutane suka koma gero da dawa, noman rani na gargajiya da kamun kifi suka ja baya. Wato an rage wa wasu aikin rani da suke da shi tun kaka da kakanni domin a ƙirƙiro wa wasu sabo. Sabon ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Kusan kashi biyu cikin uku na filin, hekta 15,000, an tsara shi ne a kan ban ruwa na yayyafi, wanda ya dogara da injinan tura ruwa da wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasar waje. Da waɗannan suka gagara, sai wannan sashe ya mutu, aka bar ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai.

Ba labarin injiniyoyi kaɗai ba ne wannan. Ya shafi duk wanda ke da tebur a ofis, domin ma'aunin da aka auna manomin Bakolori da shi, da shi ake auna ma'aikaci a yau, kuma da shi ma'aikacin ke auna na ƙasa da shi.

Masanin tarihi E. P. Thompson na Ingila ya bayyana a 1967 yadda masana'antu suka sauya ma'anar lokaci a Turai. Kafin su, aiki ne ke faɗa wa mutum lokacinsa: a tatsi saniya idan nono ya kawo, a yi girbi idan hatsi ya nuna, a huta idan an gama. Bayan su, agogo ne ke faɗa, kuma sa'ar ta zama ta wanda ya saya. A ƙasar Hausa tsarin biyu suna zaune a gida ɗaya har yau. Manomi yana lissafi da hantsi da azahar da la'asar, da saukar ruwa da ɗaukewarsa. Ɗansa da ya yi boko yana sa hannu a rajista da ƙarfe takwas, ya tashi ƙarfe huɗu. Illar tsarin agogo ita ce abin da yake iya gani kaɗai shi ne halarta. Wanda ya zauna a kujerarsa sa'a takwas yana jiran fayil ya sauko daga ofishin oga ya cika aikinsa a rajista. Wanda ya fita sa'a biyu ya je ya warware matsalar da fayil ɗin ke magana a kanta ido da ido, shi ne ake cewa ba ya zama a ofis.

Akwai kuma ɓarnar da rajista ba ta da gurbin rubuta ta ko kaɗan. A kira taro ƙarfe goma, a tara mutum ɗari biyu a zaure, babban baƙo ya iso ƙarfe goma sha biyu. Sa'a ɗari huɗu ke nan ta salwanta, daidai da kwana hamsin na aikin mutum ɗaya, kuma da ya iso za a miƙe tsaye a yi masa godiya da ya sami sarari duk da yawan ayyukansa. Tsofaffin ma'aikata su yi sammako su wuni a layin tantancewa. Mai jinya ya wuni a benci. Ɗan kwangila ya yi wata shida yana sintiri a kan sa hannu ɗaya. A duk waɗannan, mai iko ne ke kashe lokacin marar iko, domin sa mutum jira hanya ce ta nuna masa matsayinsa. Shi kuwa mai ikon, idan ya fito ya ga masinja yana duba waya, shi ne zai yi wa'azi a kan ɓata lokacin gwamnati. Kalmar nan ta ɓata lokaci daga sama take gangarowa kullum, kamar ruwan magudana, da wuya a ga ta hau tudu.

Kada a ɗauka ana wanke kowa da wannan magana. Rani a ƙauye ba aljanna ba ce. Cin rani na da wahala da wulaƙanci, kuma da yawa yunwa ce ke korarsu, ba son yawo ba. Sana'o'in rani da dama ribarsu ba ta taka kara ta karya ba. Manomin da ke samun ruwa a Bakolori a yau, ya girbe shinkafa da rani ya sake girbewa da damina, ba zai yarda a mayar da shi zamanin da ba, kuma yana da gaskiya. Zaman kashe wando ma gaskiya ne: akwai majalisar da ba a tashi daga cikinta da komai sai gulma da gardamar ƙwallon Turai, akwai ma'aikacin da ba fayil yake jira ba, ranar albashi yake jira. Abin da ake cewa shi ne ido ba ya rarrabe waɗannan daga nesa. Mutum uku na iya zama a kan tabarma ɗaya, ɗaya yana hutawa bayan aiki, ɗaya yana ƙulla ciniki, ɗaya an hana shi gonarsa. Hoto ɗaya za a ɗauka.

To da me za a rarrabe? Da tambaya biyu da ba su da alaƙa da motsin hannu. Wa ya zaɓi yadda sa'ar ta tafi, kuma me ta bar wa mai ita? Sa'ar da mutum ya ba wa ta'aziyya ko dubiya ko zaman sulhu tsakanin maƙwabta ta bar masa mutane; zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa lokaci take ci. Ƙailular da ya yi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta bar masa jikin da zai yi aikin yamma. Hira da 'ya'ya bayan isha ba ta buƙatar ta kawo hujjar kanta a gaban kowa. A nan ne ma ƙwararrun wannan zamani suka fi shiga tarko, domin sun ɗauki ma'aunin ofis sun shigo da shi ɗaki. Kowace sa'ar da babu aiki sai an cusa mata kwas na intanet ko wata 'yar sana'ar gefe, in ba haka ba zuciya ta yi ta zargi. Mutum ya zama mai tsara manufa a kan rayuwarsa, yana kallon Asabar ɗinsa yadda aka kalli ranin Bakolori, fili ne da dole a noma.

Waya kuwa, wadda ake yawan ɗora wa laifin duka, tana faɗawa kowane ɓangare. Wanda ya kira dillali a Gusau ya ji farashi kafin ya ɗora buhunansa a mota ya yi abin da kakansa ke yi a gindin bishiya, cikin minti biyu. Wanda ya buɗe TikTok bayan isha ya farga ƙarfe ɗaya na dare, bai iya tuna abu uku daga abin da ya gani ba, ya faɗi a tambayoyin biyu duka: ba shi ya zaɓi tsawon zaman ba, manhajar da aka ƙera don ta riƙe shi ce ta zaɓa, kuma bai tashi da hutu ko da mutane ba. Bambancinsa da mai jiran diyya shi ne shi yana iya ajiye wayar.

Zamfara ta ga gwajin wannan a aikace, ba da son ranta ba. A watan Satumba na 2021, a yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Talata Mafara gari ne da ranar kasuwa ke cikin sunansa. Duk wanda ya taɓa ganin cin kasuwar ƙauye ya san rabin masu zuwa ba su da abin sayarwa da ya kai kuɗin mota. Gaisawa suke zuwa yi, da jin labari, da biyan bashi, da karɓar saƙo. Mai lissafi da agogo zai ce ranar ta tafi a banza. Da aka rufe kasuwannin aka kashe wayoyin, ba ƙarin lokacin aiki mutane suka samu ba. Hanyoyin da ake bi a san inda aiki yake, da wanda zai ba da bashi, da hanyar da ke da lafiya, su ne suka toshe. Manomin Maradun ko Bakura da tsoron 'yan bindiga ya hana shi zuwa gona mai nisa a shekarun nan yana zaune a ƙofar gida da rana tsaka, a tsakiyar damina. Wanda ya wuce cikin mota zai iya yi masa irin kallon da aka yi wa kakansa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na cikinsu, tare da ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwa hannu a kula da magudanai. Ana auna irin waɗannan shirye-shirye da hekta nawa aka gyara, kilomita nawa na magudana aka yashe, tan nawa aka girbe. Akwai lissafin da ya kamata a ƙara, wanda manoma ke yi a zuci tun 1978: kwana nawa ne tsakanin ranar da aka ce za a saki ruwa da ranar da ya iso bakin gona, kuma a littafin wa za a rubuta waɗannan kwanakin. Lissafin nan da buhu ake biyansa. Irin shinkafa da ya wuce kwanakinsa a wurin reno kafin a dasa ba ya yin 'ya'ya kamar na kan kari. Alkama kuwa tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa cikin Disamba domin ta ci sanyin hunturu. Wadda aka shuka a makare, zafin Maris ne ke tarar da ita tana cika ido.